Tsofaffin bindigogin iska masu sifirin: me ake kuka a kai, kuma me ya hana a dawo da su?

Duk inda masu sha'awar bindigar iska suka haɗu, ko a filin harbi ko wajen baje kolin tsofaffin kaya, da wuya a watse ba a zo kan tambaya guda ba: da kamfanoni za su saurare ka, wace bindiga za ka ce a sake ƙerawa? Amsoshin ba su cika nisa da juna ba. Wannan ya ce Feinwerkbau 124, wancan ya ce Diana 27. Dattijon da ya yi gasa da ƙuruciyarsa ya ce Feinwerkbau 300S, mutumin Ingila kuwa ba ya wuce Airsporter ko Webley ƙirar Birmingham. Dukkansu masu sifirin ne, kuma dukkansu an daina yin su shekaru da dama.

Mai saurin yanke hukunci zai ce begen ƙuruciya ne kawai, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni ban yarda a nan maganar ta tsaya ba. Cikin masu wannan kuka akwai waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da ake ƙera bindigogin. Na hannu suka saya, suka harba, suka gwada da sababbi, sannan suka shiga sahun masu kuka. Abin da suka ji a hannunsu abu ne da ake iya aunawa: nauyin bindiga, ƙarfin da ake sawa wajen ɗana ta, da yadda take motsi a kafaɗa idan an taɓa kunama.

Sai an san cikinta za a gane kukan

Bindiga mai sifirin ba ta ajiye iska ko kaɗan, kuma wannan ne ke fara ba sabon shiga mamaki. A cikinta akwai silinda, cikin silindar akwai fistin, a bayan fistin ɗin akwai sifirin mai kauri. Idan ka karya bututun ƙasa, ko ka ja libar da ke ƙarƙashi ko a gefe, fistin ɗin kake turawa baya, yana matse sifirin har ƙugiyar kunama ta kama shi. Ƙarfin damtsenka ke nan ka ajiye a cikin ƙarfe. Kana taɓa kunama sai sifirin ya wurga fistin gaba, iskar da ke gabansa ta matsu, ta yi zafi, ta bi ta wani ɗan rami ta ingiza harsashin dalma waje. Daga sakin kunama zuwa fitar harsashi, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ne.

A cikin wannan ɗan lokaci ne duk rigimar take. Fistin yana da nauyi, don haka yana zabura gaba bindiga tana zabura baya. Da ya kusa ƙarshen tafiyarsa ya ci karo da matsattsiyar iska, sai bindigar ta fizgo gaba. Motsi biyu ke nan, baya da gaba, kuma mafi yawansa yana faruwa harsashi bai bar bututu ba. Shi ya sa mai sifirin ba ta son a damƙe ta. Gwanaye a tafin hannu suke ɗora ta, a wuri guda kullum, su bar ta ta yi motsinta yadda ta ga dama. Shi ya sa kuma take lalata madubin saitin da aka yi don bindigar albarushi, domin shi bugun baya kaɗai aka shirya masa.

Duk injiniyan da ya zauna zana irin wannan bindiga, ciniki yake yi. In ya ƙara ƙarfi, dole sifirin ya ƙara kauri ko silinda ta ƙara girma, ɗanawa ta yi wuya, zabura ta ƙaru, sai kuma a ƙara wa bindigar nauyi don ta natsu. Ba a samun duka a lokaci guda. Bindigogin da ake kuka a kansu su ne waɗanda aka dace da wannan ciniki a cikinsu.

Doka ma ta taka rawa. A Birtaniya, tun 1969, doguwar bindigar iska da ƙarfinta ya wuce kimanin jul 16 (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne) sai da lasisin bindiga ake mallakarta. A Jamus iyakar ta fi tsanani: jul 7.5, kuma ana buga wa bindigar harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar don shaida. Tun da an ɗaure wa maƙeran waɗannan ƙasashe hannu ta fuskar ƙarfi, sai gasarsu ta koma kan laushin kunama, kyawun bututu da natsuwar harbi. Amurka kuwa ba ta da irin wannan iyaka a dokar tarayya, kuma da kasuwarta ta buɗe wa bindigogin Turai a shekarun 1970, ta hannun 'yan kasuwa irin su Robert Beeman na California, sai wani sabon ma'auni ya shigo: gudun harsashi. Lamba ce da ake iya bugawa a jikin kwali, mai saye ya gani daga nesa. Laushin kunama ba shi da lambar da za a buga.

Biyu da gudu ya kashe

Feinwerkbau 124 ita ce ta buɗe wannan tsere, kuma tseren ne ya binne ta. Kamfanin yana garin Oberndorf a Jamus, tsofaffin ma'aikatan kamfanin bindigogi na Mauser ne suka kafa shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sunan da ya yi a bindigogin gasa ya yi shi. A farkon shekarun 1970 ya fito da bindigar wasa da ƙaramar farauta, 124 mai harsashin milimita 4.5, da 'yar'uwarta 127 mai milimita 5.5. Tana kai harsashi gudun kusan mita 240 a sakan, abin da ya zama abin magana a wancan zamani. Abin da ya fi gudun burgewa shi ne ƙarfin ɗana ta bai fi na ɗaga kilo 10 ba. Sirrin yana cikin tsarin: fistin mai doguwar tafiya, sifirin da ba a cika masa kauri ba, da dogon bututu da ke zama kamar doguwar sanda a hannun mai ɗanawa. Mutum zai wuni yana harbi kafaɗarsa ba ta yi tsami ba.

Ba wai ba ta da aibu ba. Kunamarta ba ta kai ta kamfanin Weihrauch na Jamus mai suna Rekord ba, ko kusa. Robar kan fistin ɗinta ta asali kuma ba ta jure shekaru. Wanda ya samu 124 da ta daɗe a ajiye, in ya leƙa cikin bututu yakan ga wasu 'yan gutsattsari masu launin ƙasa-ƙasa, kamar busasshen kakin zuma. Robar ce ta ruɓe take fitowa. In ya ci gaba da harbi a haka, ƙarfe zai riƙa dukan ƙarfe. Amma da an sa sabuwar roba da sabon sifirin, sai ka ga bindiga mai shekara arba'in ta dawo tana tara harsasai a rami ɗaya.

A farkon shekarun 1980 Weihrauch ta fito da HW80, wadda Beeman ya sayar a Amurka da sunan R1. Ta fi 124 ƙarfi, ta fi ta nauyi, ta fi ta wuyar ɗanawa, kuma ita ma bindiga ce ta ƙwarai da har yau ake yin ta. Sai dai ta ɗaga ma'aunin. Daga nan kowa ya shiga neman ƙafa 1,000 (kimanin mita 305) a sakan, daga baya 1,200 da abin da ya fi. Kafin shekarun 1980 su ƙare 124 ta bar kasuwa. Abin takaici a nan shi ne harsashin bindigar iska, mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi, ba ya son kusantar gudun sauti, wato kimanin mita 340 a sakan. Yana kusantarsa yake fara rawa a iska. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali kuwa galibi da harsasai marasa nauyi ake samun su, irin waɗanda maharbin da ya san abin da yake yi ba ya taɓa su.

Diana 27 ba ta ma shiga tseren ba, gefe aka ture ta. Ƙaramar bindiga ce, nauyinta bai kai kilo 3 ba, siririya, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ɗana ta, babba kuma ba zai ji ta yi masa kaɗan ba. Kan fistin ɗinta na fata ne, ɗigon mai kaɗan yake so lokaci-lokaci. A ƙirar bayan yaƙi, ba ƙugiya ce ke riƙe fistin ba, boris ne guda uku da ke kewaye sandarsa, kuma in an daidaita su da kyau kunamar takan saki a tsabtace, ba ja ba kartawa. Kamfanin Mayer da Grammelspacher na garin Rastatt, wanda aka kafa a 1890, shi ya yi ta shekaru masu yawa, har zuwa ƙarshen shekarun 1980. Ta yi yawo da sunaye iri-iri: a Amurka an sayar da ita a matsayin Winchester 427 da Hy-Score 807, a Birtaniya kuma da tambarin Original, domin bayan yaƙi an kwashe injinan kamfanin da sunan Diana an kai Scotland, inda kamfanin Milbro ya ci gaba da amfani da su.

Ban san bindigar da ta fi ta dacewa da koyon harbi ba. Ba ta da ƙara, ba ta da zabura mai firgita sabon hannu, kuma ba ta buƙatar komai sai gwangwanin harsashi. Amma ka ajiye ta a kanti kusa da wadda aka rubuta wa ninkin gudunta, ka ga wadda uba zai ɗauka wa ɗansa.

Waɗanda fasaha ta wuce

Labarin bindigogin gasa daban ne, kuma a nan ne aka yi aikin injiniya mafi ban sha'awa. A gasar mita 10, wadda ta shiga wasannin Olamfik a 1984, tsakiyar abin bara ɗigo ne, wanda tun 1989 faɗinsa rabin milimita ne kacal. Mai harbi a tsaye yake, ba abin jingina. A irin wannan hali zaburar fistin ba abin da za a yi haƙuri da shi ba ne, dole a kashe ta. Jamusawa suka ɓullo da hanyoyi biyu.

Ta Feinwerkbau ita ce a bar zaburar ta faru, amma kada ta iso ga mai harbi. A ƙirarta ta 150, sannan 300, sannan 300S da ta fito a farkon shekarun 1970, bututu da silinda da duk kayan ƙarfen suna zaune ne a kan 'yan sanduna kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Kana taɓa kunama sai makulli ya sake su, su sulale baya tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba, katakon kuwa yana nan a kafaɗarka ko gezau. Wanda ya fara harba ta yakan ɗan razana, domin abin saitin baya yana matsowa kusa da idonsa, amma kafaɗa ba ta ji komai ba. In ya ja libar gefe don ɗana ta, sai komai ya koma mazauninsa. Maimakon roba, fistin ɗinta ringi ne na ƙarfe ke kansa, irin na injin mota, kuma wannan ne ya sa ake samun waɗanda ƙungiyoyin harbi suka yi shekara da shekaru suna aiki da su, har yau suna nan daram. Nauyinta ya kusa kilo 5, kunamarta kuwa kamar numfashi kake mata.

Diana ta bi tsarin wani injiniya, Kurt Giss. Shi cewa ya yi in fistin ɗaya na tura bindiga baya, to a sa na biyu mai nauyi daidai da shi ya tafi ɗaya wajen. Na gaba ne ke matsa iska, na baya aikinsa kawai ya soke motsin ɗan'uwansa, kuma an haɗa su da 'yan giya masu haƙora don su tashi tare su tsaya tare. Haka Diana 60, 65, 66 da 75 suke. In ka harba mai lafiya a cikinsu, ƙara kawai za ka ji. Sai dai gyaranta ba na kowane makaniki ba ne: in aka canja roba ba a daidaita tsayawar fistin biyun ba, haƙoran giyar ne za su ɗauki dukan.

Waɗannan ba kasuwa ce ta yi musu rashin adalci ba. Walther ta Jamus ta fito da LGR a 1974, wadda ake matsa mata iska da jan liba sau ɗaya, iskar ta zauna tana jira, babu fistin mai gudu lokacin harbi. Feinwerkbau da kanta ta bi sahu da 600 a 1984. Bayan su masu iskar gas suka zo, sannan masu tankin matsattsiyar iska. Maharbin da ke neman lambar zinariya ba shi da dalilin ɗaukar 300S yau, kuma kamfanin da zai sake ƙera ta zai kashe kuɗi mai yawa a kan sassa da dama masu buƙatar awo na ƙwarai, don ya sayar wa mutanen da ba gasa za su shiga da ita ba.

Wanda ya kai wannan tunani ƙarshensa mutum ɗaya ne a Ingila, John Whiscombe. A tasa ƙirar fistin biyun fuskantar juna suke yi, su rugo su matse iska a tsakiyarsu, don haka duka biyun suna aiki, zabura ta mutu, ƙarfi kuma ya ƙaru. Lambar da ke jikin sunan, JW50 ko JW80, jimillar tafiyar fistin biyun ce a milimita. Ana jan liba sau biyu ko uku kafin ta ɗanu, kuma babban haramun ne a harba ta babu harsashi, domin fistin biyun za su yi karo da juna. 'Yan ɗaruruwa kawai ya yi, da hannunsa. Masu cewa a dawo da Whiscombe sun san ba kamfani ne ya rufe ba, maƙeri ne ya ajiye kayan aiki.

Na Ingila, inda masana'antar ce ta tafi

BSA ta Birmingham ta fara bindigar iska a 1905 da ƙirar Lincoln Jeffries, kuma kusan duk mai liba a ƙarƙashi daga nan ta samo asali. A 1948 ta fito da Airsporter, wadda mutane da yawa ke ganin ba a taɓa yin bindigar iska mai kyan gani kamarta ba. An ɓoye libar a cikin katako, don haka daga nesa sai ka rantse bindigar farauta ce ta sosai. Wajen sa harsashi wani ɗan abu ne kamar kan famfo da ke gindin bututu. A ƙirar farko da ta biyu, kana jan liba yake juyowa da kansa ya buɗe baki sama, ka jefa harsashi, ka mayar da shi da babban yatsa. Irin wannan famfo sai an goge shi da hannu ya zauna daidai a raminsa, kowace bindiga da nata. In ya yi sako-sako iska ta tsere, in ya kauce da bututu ko da gashin kai ne harsashi ya gurje. Awannin ƙwararren ma'aikaci ke nan a kan abu ɗaya da bai kai ɗan yatsa ba. Kamfanin Gamo na Sifaniya ya sayi sashen bindigogin BSA a tsakiyar shekarun 1980, Airsporter ta ci gaba da sauye-sauye na wani lokaci, daga baya ta ɓace.

Webley kuwa kukan da ake yi a kanta ya fi zafi, domin rasuwarta ta baya-bayan nan ce. Akwai Service Mark II ta shekarun 1930, wadda ake cire mata bututu a sa wani mai girman harsashi daban. Akwai Mark III da aka yi daga 1947 zuwa 1975, mai baƙin rinin ƙarfe da ke sheƙi kamar madubi. Sai na baya-bayan nan: Vulcan, Omega, Tomahawk, Longbow, da ƙatuwar Patriot wadda ɗana ta ya haura ɗaga kilo 20. A ƙarshen 2005 aka daina ƙira a Birmingham, aikin ya koma Turkiyya. Sunayen sun ci gaba da fitowa a kwali, amma tun daga lokacin tambayar farko da mai sayen Longbow ta hannu ke yi ita ce, ta Birmingham ce? Longbow ta fi ba ni tausayi cikinsu. Ta zo a makare, an yi ta daidai da iyakar dokar Birtaniya, gajera, mai kunama mai kyau, kuma 'yan shekaru kaɗan ta samu kafin a rufe ƙofa.

To me ya hana?

Abu na farko shi ne zane ba shi ne bindiga ba. Takardun zanen na iya kasancewa a ajiye, amma injinan da aka keɓe don sassan an sayar ko an narkar, kuma mutanen da suka san yadda ake goge famfon Airsporter ko daidaita giyar Giss sun yi ritaya. Injinan zamani masu aiki da kwamfuta suna yanka ƙarfe daidai fiye da na da, wannan gaskiya ne. Amma gogewa kafin rini, sassaƙa katakon walnot da daidaita kunama ɗaya bayan ɗaya har yanzu hannu ne, kuma hannun ƙwararre a Jamus ko Ingila shi ne abu mafi tsada a cikin bindigar.

Na biyu, tsohuwar bindigar ita ce babbar kishiyar sabuwarta. An yi su da ƙarko, an yi su da yawa. Wanda ke son Diana 27 ko 300S zai samu ta hannu, ya canja roba da sifirin, ya kashe abin da bai kai kuɗin sabuwa ba. Kamfanin da ya sake ƙera ta zai shiga gasa da kayan da shi kansa ya sayar shekara hamsin da suka wuce.

Na uku, masu tanki, waɗanda ake kira PCP. Ana cika musu iska har ma'aunin bar 200 ko fiye, ba su da zabura, ba ruwansu da yadda ka riƙe su, kuma sabon shiga zai fara samun bara tun ranar farko. Da can tsada ce ke kare mai sifirin daga gare su. Tun da Crosman ta Amurka ta fito da Benjamin Discovery a 2008 da Marauder a 2009, wannan katanga ta fara rushewa. Yanzu mai kuɗin sayen bindiga mai sifirin ta ƙwarai yana da zaɓin mai tanki a kusan kuɗi ɗaya, kuma can kamfanoni suka karkata kuɗin bincikensu.

An ma gwada dawo da wasu. A 2012 Walther ta farfaɗo da sunan LGV, wanda ta yi suna da shi a shekarun 1960. Sabuwar ta zo da makullin bututu kamar tsohuwar, da fistin mai zoben roba da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe, kuma waɗanda suka harba ta sun yaba natsuwarta ƙwarai. Duk da haka ba ta yi dogon zamani ba, yanzu ita ma ta shiga jerin waɗanda ake cewa a dawo da su. A 2014 Feinwerkbau ta fito da sabuwar Sport. Aikinta mai kyau ne, amma ta fi 124 ƙarfi, ta fi ta nauyi da tsada, wato an dawo da sunan an bar abin da ya sa ake son mai sunan. Ba ta samu karɓuwar tsohuwar ba. Waɗannan biyun sun nuna matsalar ta kowane ɓangare: in an yi abin da masu kuka ke so, ba su da yawan da za su riƙe layin ƙira, in an ƙara ƙarfi don jawo sauran kasuwa, masu kukan su juya baya.

A nan ina ganin masu sha'awar ma suna da nasu laifin. Weihrauch tana yin HW35 tun 1951 ba ta fasa ba. HW30S, ƙarama mai sauƙin ɗanawa da kunamar Rekord, ita ce mafi kusa da gurbin da Diana 27 ta bari. Air Arms ta Ingila tana yin TX200 tun farkon shekarun 1990, Diana 54 kuma tana nan da tsarin sulalewa irin na 300S, da ƙarfin da ya fi nata nesa ba kusa ba. Waɗannan suna kanti yau. In ba a saye su ba, nan da shekara ashirin sunayensu za a riƙa kira a irin wannan hira.

Da za a ba ni zaɓi ɗaya, ba zan ce Whiscombe ba, duk da ita ce ta fi burge ni, domin abin da mutum ɗaya ya yi da hannunsa ba ya komawa layin masana'anta ya zauna yadda yake. Ba zan ce 300S ba, domin waɗanda ke duniya sun isa, sifirin da robobin bakin bututu kawai suke buƙata a ci gaba da yi musu. Zan ce 124, da sharaɗi: a bar mata doguwar tafiyar fistin da sifirin ɗinta mai sauƙi, kada a ƙara mata ko jul ɗaya, a sa mata robar zamani da ba ta ruɓewa, a gyara kunamar ta kai Rekord. Babu wani abu a cikin wannan da ya fi ƙarfin injinan yau, kuma ba ta da famfon da sai an goge da hannu ko giyar da sai gwani. Abin da zai yi wuya shi ne a samu kamfanin da zai yarda ya buga mita 240 a jikin kwali, alhali na kusa da shi a kanti ya buga 360.